Baƙon Ayana: Labarin Bayajidda da Matsayin Sojan da Ya Gudu Daga Fagen Fama

Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya yi makarantar boko a ƙasar Hausa bai ji labarin Bayajidda ba. In ka tambaye shi, zai ce maka wani ɗan sarkin Bagadaza ne ya zo Daura, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama, daga nan aka sami Hausa Bakwai. Haka aka koya mana, haka muke koya wa na baya, haka kuma 'yan makaranta suke nuna shi a dandamali ranar bikin al'adu. Kullum takobi da kan macijiya ne a gaba.

A wannan ɗan nazari muna so mu ja da baya kaɗan, mu tsaya a ƙofar gari kafin a kai bakin rijiya, mu yi tambayar da ba a cika yi ba: me ya fito da wannan mutum daga gida, kuma a wane hali ya iso Daura? Amsar tana nan cikin labarin, ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Mayaƙi ne da ya gudu har sau biyu, ya baro rundunarsa a hannun wani sarki, ya baro matarsa a hanya, ya shigo garin da bai san kowa ba cikin dare, ba ya ko jin harshen mutanensa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, tarihihin Daura labarin ba da mafaka ne ga mayaƙin da ya tsere, kuma mu marubuta mun yi sakaci da wannan jigo, alhali kuwa zamaninmu cike yake da irin wannan baƙo.

Labarin a Taƙaice

Ruwayoyin sun sha bamban a wasu wurare, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Abu Yazidu, wanda aka fi sani da Bayajidda, ɗan sarkin Bagadaza ne. Wasu sun ce saɓani ya yi da mahaifinsa, wasu kuma sun ce an ci garinsu da yaƙi ne. Ko ma dai wanne ne, ya fito da dakaru masu yawa har ya iso Barno. Mai na Barno ya karɓe shi, ya aura masa 'yarsa wadda ake kira Magira ko Magaram. Amma ƙarfin baƙon ya hana Mai barci, saboda haka sai ya riƙa aron dakarunsa da sunan yaƙi, yana rarraba su cikin garuruwa, har aka wayi gari babu kowa tare da shi. Da ya gane ana shirin hallaka shi, sai ya sulale da matarsa ya yi yamma. A Garun Gabas, kusa da Haɗeja, ya bar ta da ciki, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Daga nan ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa, ta gaya masa cewa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke cikin rijiya, wadda ake kira Sarki. Ya karɓi guga, ya je ya sare kan macijiyar, ya sha, ya shayar da dokinsa. Da gari ya waye mutane da yawa suka yi da'awar su suka kashe ta, amma babu mai iya nuna kan. Ayana ce ta kai labarin baƙonta fada. Daurama ta yi alkawarin rabin gari, shi kuwa ya ce aure yake so. Ta ba shi ƙwarƙwara Bagwariya wadda ta haifi Karɓagari, ita kuma ta haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida tare da Biram suka zama Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Ba aikinmu ba ne a nan mu yanke hukunci ko abin ya faru ko bai faru ba. Masana tarihi sun daɗe suna wannan muhawara. H. R. Palmer, da W. K. R. Hallam a wata maƙalarsa ta 1966, sun danganta sunan da Abu Yazid, wani Babarbare na arewacin Afirka da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye aka kashe shi a shekarar 947, suna ganin ƙila ragowar mayaƙansa ne suka tsallako Sahara. Marigayi Abdullahi Smith kuwa, tun a 1970, ya nuna shakku a kan a ce zuwan baƙo guda ne ya kafa daulolin Hausa. Abin lura shi ne, ko a hasashen su Hallam, maganar ba ta wuce ta mayaƙan da aka ci da yaƙi suka gudu neman mafaka ba. Mu dai a matsayinmu na manazarta adabi, abin da ya dame mu shi ne yadda aka ƙulla labarin, da abin da al'ummar da ta riƙe shi shekaru aru-aru take faɗa game da kanta.

Gudun da Ake Tsallakewa

Bahaushe yana ƙyamar gudu daga fagen fama. Kirarin mazaje da waƙoƙin makaɗan fada duk yabon mai tsayawa ne, da zambo ga wanda ya ba da baya. Rago ba shi da mawaƙi. Wataƙila wannan ne ya sa masu ba da labarin Bayajidda suke bi ta kan zangon Barno da sauri, kamar mai taka garwashi, su yi maza su kai ga rijiya. Amma Bahaushen nan dai shi ya ce, in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wato ya san akwai lokacin da gudu shi ne hankali.

Wani zai iya cewa ai Bayajidda ɗan sarki ne, shugaban runduna, ba ƙaramin sojan da ya yar da bindiga ya shiga daji ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata mu murɗe labarin don ya dace da buƙatarmu ba. Sai dai a duba halin da yake ciki a Barno. Yana zaune ƙarƙashin ikon Mai, dakarunsa suna yaƙe-yaƙen Mai, shi kansa surukin Mai ne. Ya fita cikin dare ba tare da izini ba, ya bar mutanen da suka biyo shi tun daga gabas ba tare da ya yi musu sallama ba. In da fadawan Barno ne suka adana mana labarin, da sunan da za su ba shi bai wuce maci amana ko matsoraci ba. Daura ce ta adana shi, shi ya sa muka san shi da Makas-Sarki. Har ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo cewa Bawo bawan sarkin Barno ne. Ashe ke nan sunan da ake ba wanda ya gudu ya danganta da wanda yake ba da labarin, da kuma inda gudun ya ƙare.

Sunan nasa ma abin dubawa ne. Mutanen Daura suna fassara Bayajidda da "ba ya ji da", wato a da can ba ya jin Hausa. Wannan suna ne na baƙo, irin wanda ake laƙaba wa mutumin da ya shigo gari ba ya iya bayyana kansa. Al'ummar da ta yarda ta kira kakan sarakunanta da irin wannan suna ba ta ɗauki baƙunta abin kunya ba.

Masauki Uku

In aka lura da zubin labarin, za a ga an jera masaukai uku, kowanne da irin karɓar da ya yi wa baƙon.

Na farko shi ne Barno. Mai ya ba da mafaka, har ya haɗa da aure, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Bai kamata mu yi saurin zarginsa ba. Babu sarkin da zai ga baƙo da runduna a bayan ganuwarsa ya yi barci da ido biyu rufe. Raba baƙon da makamansa da dakarunsa abu ne da kowace hukuma take yi har gobe. Laifin Mai shi ne, bayan ya karɓe ƙarfin mutum ya mai da shi ba shi da abin kare kai, sai kuma ya nemi ransa. Wanda ya karɓi makamin baƙo ya ɗauki nauyin tsaron ransa ke nan. Mafakar Barno ta zama tarko.

Na biyu shi ne Gaya. Maƙera ba su tambaye shi daga ina ya fito ba, sun ƙera masa wuƙa ya wuce. Wannan taimako ne, amma mai haɗari, domin ba su san ko macijiya zai sara da ita ko mutum ba. Labarin ya yi musu kyakkyawan ƙarshe, shi ya sa ba mu ga aibinsu ba.

Na uku shi ne Daura, kuma a nan karɓa biyu aka yi masa, ba ɗaya ba. Akwai ta Ayana da dare, akwai ta Daurama da safe. A ganinmu zuciyar labarin tana tsakanin waɗannan biyun.

Tsakanin Ayana da Daurama

Daurama ta karɓi baƙon ne bayan ya nuna kan macijiya. Ta yi bincike, ta tantance mai gaskiya daga masu ƙaryar jarunta, sannan ta saka masa. Wannan aikin hukuma ne, kuma ta yi shi yadda ya dace. Amma sakamako ne na aikin da aka riga aka yi wa gari.

Ayana fa? Lokacin da ta buɗe masa ƙofa bai kashe komai ba. Abin da ta gani shi ne namiji baƙo, da wuƙa, da ƙurar tafiya, cikin dare, ga ta tsohuwa. Ba ta da ko ruwan da za ta ba shi, wanda shi ne abin da ake fara tarbar baƙo da shi. Duk da haka ta sauke shi, ta gaya masa gaskiyar halin da garin yake ciki, ta ba shi aron guga. Da gari ya waye kuma, ita ce ta tsaya masa shaida a gaban sarauniya, a lokacin da manyan gari suke ƙoƙarin cinye ladan aikinsa. Da ta rufe ƙofarta a wannan dare, da babu Bawo, da babu sauran labarin.

To, a nan ne muke da ƙorafi a kan yadda ake sarrafa labarin a littattafan makaranta da wasannin dandamali. Ana mai da Ayana 'yar rakiya, ta faɗi magana biyu ta koma bayan labule. Darasin da yaro yake tashi da shi shi ne, baƙo yana samun matsayi in ya kashe macijiya. Wannan darasi yana da illa, domin mafi yawan waɗanda suke gudowa daga yaƙi ba su da macijiyar da za su kashe. Sun gaji, sun tsorata, wasu da rauni a jiki, wasu a ƙwaƙwalwa. In sai wanda ya yi bajinta ne ya cancanci masauki, to ciniki ake yi. Tarihihin kansa ya fi masu ba da shi adalci, saboda ya sa masaukin Ayana kafin rijiya.

Sarakunan Daura Ma Sun Ɗanɗana

Abin da labarin ya faɗa a kan kakan sarakuna, tarihi ya maimaita shi a kan jikoki. A wajen shekarar 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka yi ta yawo kafin su kafa Zango da Ɓaure, kuma sarakunan Zango sun daɗe suna zaune ƙarƙashin inuwar Damagaram. Wanda ya karanta littafin M. G. Smith na 1978 a kan al'amuran Daura zai ga irin tsadar wannan inuwa, domin mai ba ka mafaka yakan so ya zama ubangijinka. Sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon Daura, kimanin shekara ɗari bayan fitar kakanninsa. Haka Haɓen Katsina suka fake a Damagaram kafin su kafa Maraɗi, haka na Zazzau suka yi kudu har aka kafa Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja.

Waɗannan duk mayaƙa ne da suka ga tsayawa ba za ta yi ba, suka ja da baya, wani ya buɗe musu ƙofa. Masarautar Daura ta yau, da ƙananan hukumominta biyar, Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Mutumin Kongolam ya san cewa taku kaɗan ne tsakanin zama ɗan ƙasa da zama baƙo.

Me Addini da Doka Suka Ce?

Kada a ɗauka muna cewa gudu daga yaƙi abin yabo ne. Musulunci ya lissafa juya baya ranar gamuwa cikin manyan zunubai, sai dai Suratul Anfal ta keɓe wanda ya ja da baya don dabarar yaƙi ko don ya haɗu da wata runduna. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Khalid bin Walid ya janye rundunar Musulmi daga gaban Rumawa da suka ninka su yawa. Da suka dawo Madina wasu suka riƙa yi musu gorin gudu, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya nuna cewa masu sake komawa fage ne. A wannan shekara kuma, ranar buɗe Makka, Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib ta ba da kariya ga wanda ɗan'uwanta Aliyu yake nema ya kashe, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da kariyar tata. Wannan shi ne amana, wadda malaman fiƙihu suka yi wa babi. Mace ɗaya a cikin ɗakinta ta isa ta ba da ita, kamar dai yadda Ayana ta yi.

Dokar duniya ma ta bi tsaka-tsaki. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta ambaci sojan da ya gudu da suna ba. Amma littafin jagora da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1979 ya yi bayani cewa tsoron yaƙi kawai, ko tsoron hukuncin gudu, bai isa ya mai da soja ɗan gudun hijira ba. Yana iya samun mafaka in za a tsananta masa hukunci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa, ko kuma in yaƙin da aka tura shi irin wanda duniya ta yi tir da shi ne saboda ya saɓa wa mutuntaka. Wanda kuwa ya aikata laifin yaƙi da hannunsa, yarjejeniyar ta cire shi daga kariya. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara da cewa ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi a matsayin gaba, sannan ta hana wanda aka ba mafaka ya mai da masaukinsa sansanin kai hari. Mai karatu zai ga cewa tambayoyin nan su ne na labarinmu: damuwar Mai game da makamai, haɗarin wuƙar Gaya, binciken Daurama, da ƙofar Ayana.

A aikace ƙofar ƙunci gare ta. Kanada ta karɓi sojojin Amurka da suka ƙi yaƙin Biyetnam daga 1969. Amma André Shepherd, makanikin jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka, wanda ya ƙi komawa Iraƙi ya nemi mafaka a Jamus a 2008, ya kai ƙararsa har Kotun Tarayyar Turai a 2015, daga baya kotun Jamus ta ƙi amincewa da buƙatarsa. Ka ga Bagadaza ta sake fitowa cikin labarin mai gudu.

Daga Barno Kuma

Ba sai mun je Turai ba. A watan Agusta na 2014, bayan kazamin faɗa da Boko Haram a Gamborun Ngala, sojojin Nijeriya kimanin 480 suka tsallaka Kamaru. Hukumomin Kamaru suka karɓi makamansu, suka sauke su a Marwa, daga baya aka dawo da su gida. Hedikwatar tsaro ta ce dabarar yaƙi ce, jama'a da yawa suka ce gudu ne. A watan Satumba na shekarar kotun soja ta yanke wa soja 12 hukuncin kisa saboda boren da aka yi a barikin Maimalari na Maiduguri, inda aka harbi motar kwamandansu. A watan Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda sun ƙi fita yaƙi. Hujjarsu ita ce ba a ba su isassun makamai ba. Shekara guda bayan haka, a Disamban 2015, aka sassauta wa soja 66 hukuncin kisa zuwa ɗaurin shekara goma-goma. A daidai wannan lokaci ne aka fara gurfanar da wasu manya a kan zargin karkatar da kuɗin sayen makamai kimanin dala biliyan 2. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne marigayi Muhammadu Buhari, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa, mutumin Daura, wanda aka binne a garin a watan Yuli na 2025.

Ba mu ce duk wanda ya gudu yana da gaskiya ba. Sojan da ya bar bakin aikinsa ya bar abokinsa a rami shi kaɗai, ya bar ƙauyen da aka ba shi tsaro a hannun maƙiya. Matar da aka kashe mata miji saboda masu gadin gari sun tsere tana da hakkin da ba za a share da karin magana ba. Runduna kuma ba ta tsayuwa sai da horo. Amma wanda aka tura gaban wuta da harsashi ƙididdigagge shi ma yana da magana a bakinsa, kuma kafin a kira shi rago ya kamata a ji ta. Rarrabe waɗannan biyun aiki ne mai wuya. Kotun soja tana da tambaya ɗaya, ya bi umurni ko bai bi ba. Adabi ne yake da sararin da zai yi sauran tambayoyin.

Inda Alƙalaminmu Ya Gaza

In muka duba rubutaccen adabinmu, za mu ga jarumin da ba ya ja da baya shi ne ya mamaye fage. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, duk taurarinsu mazaje ne da ƙarfe ba ya cin su. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne muka ga Makau, mayaƙin da fadawa suka yi wa ƙulli aka kore shi daga Kagara ya sami wurin zama a Maƙarfi, amma shi korarsa aka yi, kuma labarin ba nasa ba ne. Bature Gagare a Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982 ya matso kusa, domin ya nuna abin da yakan biyo baya in mutanen da suka saba da bindiga a yaƙin basasa suka dawo cikin jama'a, sai dai ya bi da su ta hanyar ta'addanci. A ɓangaren Ingilishi, Ken Saro-Wiwa ya rubuta Sozaboy a 1985, labarin yaron da ya shiga soja da ɗoki, ya tsere, ya faɗa hannun ɗaya ɓangaren, ya dawo garinsu mutane suna gudunsa kamar fatalwa. Irin wannan littafi ne muke jin ƙishinsa a Hausa, mu da 'ya'yanmu suka cika barikoki tun zamanin yaƙin Bama.

Kayan aikin kuwa suna nan zube cikin tarihihin Daura, ba a taɓa su ba. Me ya sami dakarun da aka baro a garuruwan Barno, da suka wayi gari suka ji shugabansu ya tafi? Me Magira ta riƙa gaya wa Biram game da ubansa a Garun Gabas, ita da ta bar gidan sarautar ubanta ta bi mai gudu, shi kuma ya bar ta? Labarin bai ce ya koma ya ɗauko ta ba, kuma wannan tabo ne a jikin tauraron da marubuci mai gaskiya ba zai shafe ba. Me Ayana ta riƙa saƙawa a ranta tsakanin fitar baƙon da guga da dawowarsa? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa littafi ko wasan kwaikwayo. Haka nan uwar da ɗanta ya dawo daga Sambisa cikin dare ba da izini ba, tana tsakanin ta ɓoye shi ko ta mai da shi bariki.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa labarin Bayajidda, in aka karanta shi tun daga farko ba daga bakin rijiya ba, labari ne na mayaƙin da ya gudu da kuma mutanen da suka karɓe shi, kowa da irin karɓarsa. Mun ga cewa ya ƙunshi tambayoyin da malaman fiƙihu da masu dokar duniya suke fama da su, kuma tarihin Daura na bayan jihadi da abin da ya faru a Barno a 2014 sun nuna maganar ba ta tsufa ba. Ba mu nemi a rage wa takobin da ke ajiye a fadar Daura daraja ba, ko a daina kai baƙi ziyara Kusugu. Roƙonmu ga 'yan'uwa marubuta da malaman makaranta shi ne, in za a sake ba da labarin, a dakata a ƙofar tsohuwar nan, a bar yara su ga cewa ta sauki mutumin tun bai yi wa kowa komai ba. Muna kuma fatan wani daga cikin masu karanta wannan mujalla, musamman 'yan ƙasar Daura da suka fi mu sanin ruwayoyin, zai ɗauki alƙalami ya gyara mana inda muka yi kuskure, ko ya rubuta mana littafin da muka ce babu. Allah ya sa mu dace, amin.